Ranar da Ƙanena Ya Tambaye Ni Wacce Ce Ja

Ƙanena direba ne, shekara arba'in da ɗoriya yana tuƙi. Ni na goye shi, don haka ba mai gaya min halinsa: taurin kai kamar jaki, ga tausayin tsiya. Ƙarƙashin kujerarsa kullum akwai wayoyi biyu masu bakin kada, ja da baƙa, na tayar da motar da batirinta ya mutu. Bai taɓa wuce motar da ta mace a gefen titi ba. Fasinja su yi ta tsaki, ya ce, "Mai sauri ya sauka, ƙafa ba ta cin mai."

Bara ya ɗauke ni za mu dubo jikata da ta haihu. Da rana tsaka muka tarar da wani mai gilashi da matarsa, sun buɗe gaban mota sun zuba mata ido kamar masu jiran tukunya ta tafasa.

"Ka tsaya ke nan? Jaririn zai yi gemu kafin mu isa," na ce.

"Yaya, bakinki dai ba ya mutuwa kamar batir."

Ya matso da motarsa hanci da hanci da tasu, ya ɗauko wayoyin. Na sauko in miƙe ƙafa. Sai na ga yana shafa kan batirin da yatsa, yana kai wayoyin dab da fuskarsa. Ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Yaya, wacce ce ja?"

Ban san bihim ba a karatu, amma wannan na karanta shi. Na ɗora hannunsa a kan jar. Ya maƙala, ya ce wa mai gilashi, "Murza!" Mota ta tashi, suka yi ta godiya.

Da muka koma ciki na ce, "Tun yaushe idon ya fara?"

"Tun damina. Hanyar na haddace ta. Don Allah kada ki gaya wa yara."

Da ni kaɗai yake ɗauka, da na yi shiru, na ci zamanina. Amma yana ɗaukar 'ya'yan mutane. Muna dawowa na kira babban ɗansa na gaya masa. Washegari yaran suka karɓe makullin motar.

Yanzu yana zaune a ƙofar gida, kowace mota ta wuce ya faɗi ciwonta daga ƙararta. Idan ya ji takuna sai ya yi shiru. Nakan gaishe shi, in zauna gefensa har inuwa ta juya. Bai amsa ba tukuna.