Wayar Mai Nono Ta Yi Masassara

A kasuwar Mayahi ga wata mai nono da na kasa ɗauke ido daga kanta. Doguwa ce siririya, 'yan kunnenta na azurfa sai rawa suke, don ta kasa zama wuri ɗaya. Ƙwaryar nonon a buɗe take, ita kuwa waya take fifitawa da faifai.

"Inna, lafiya?" in ji mai ƙuli-ƙulin da ke gefenta.

"Ina fa lafiya! Tun da mai gyaran salula ya yi mata abin nan, mizajur, wato sabunta manhajarta, jikinta ya ɗau zafi, sai ta mutu ta farfaɗo. Ga ɗiyata Zulfa can Isawan tana naƙuda!"

Tana jiƙa bakin mayafinta, tana naɗe wayar yadda ake naɗe gorar ruwa, tana taɓa ta da bayan hannu. Ina jin hannun nan ya daɗe da sanin goshin yara marasa lafiya.

Sai ga wayar ta yi ƙara! Tana sauya kunne saboda zafi, amma ba ta sakin wayar. Guɗarta har layin masu hatsi.

"Mace ce! Kowa ya kawo ludayi, nonon yau ba na sayarwa ba ne!"