Ranar da Na Faɗi Sana'ar Babana

Ranar wata Talata, mako biyu bayan Babbar Salla, ina aji shida a wata makarantar 'yan mata a Awali, can cikin gonakin Madina, na tsaya gaban allo. Abla, malamarmu ta Turanci, ta ce kowacce ta kawo kalma ɗaya da asalinta, ga shi layi ya zo kaina.

Shekara uku ina shirga wa 'yan ajinmu ƙarya cewa babana direba ne, alhali tumaki da awaki yake kiwo a gonar dabinon wani Balarabe. Ni ke tsince dabinon da ya zubo in jiƙa musu, in wanke kwamin ruwa, sannan in dirje hannuna da sabulu har ya yi zafi, kada a ji warin bunsuru. Kunyar aikinsa nake ji, Allah ya yafe mini. Shi kuwa ya san tarin kowace tunkiya, kuma in ɗaya ta ƙi ci, ranar shi ma tuwo ba ya wuce masa.

A bakin Inna na tsinci kalmar "pastor", don takan ba mu labarin wani fasto, maƙwabcinsu a Jos, mai aiko musu da masara. Na tambayi ƙanenta Kawu Sani, ɗalibi a jami'a, ya buɗe ƙaton ƙamusunsa ya yi dariya. "Daga Latin ta fito, ma'anarta makiyayi. Sunan aikin babanki suka ara wa shugaban coci. Annabawa ma ai sun yi kiwo."

Da na faɗa a aji, Abla ta ce, "Masha Allah, ya Hauwa. To me makiyayi yake yi?" Sai na hau zuba kamar kanya: yadda ake gane tunkiya mara lafiya daga kunnenta, yadda ake kiran wadda ta ɓace. Wata daga bayan aji ta ce a ina na san duk wannan. Na ɗaga murya. "Abuya ra'i," na ce, babana makiyayi ne. Biyu suka kwashe da dariya, amma Abla ta soma tafi, aji ya ɗauka. Washegari sau ɗaya na wanke hannu.

Yau benaye ne a wurin gonar, Baba kuma ya kwanta dama. Ni ke koyar da Turanci yanzu, kuma duk ranar da wata yarinya ta yi tsit a ajina, tuwo ba ya wuce mini.