Labarin da ban ƙarasa ba a fada

Ni dai a wancan lokaci ɗan hanya ne. Kamiyon albasa nake tuƙawa daga Tabelot zuwa Agadez, kafin nan kuma na sha rairayin Dirkou har ya gundure ni. Abin da na tara a yawona bai wuce labarai ba, amma su kam na tara su buhu-buhu. A fadarmu, inda muke zaman shayi bayan la'asar, ni ne mai dafawa, ni ne mai surutu. Abokaina kan ce in na mutu sai an ɗaure mini baki sau biyu.

Farkon abin, ƙaurin albasa nake ji, kamar ta ƙone a tukunya, alhali ba kowa bisa wuta. Sai in farka a ƙasa, harshe a cije. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya ƙanena ya ja ni asibiti a Yamai. Can aka hana ni barci daren gwaji, da safe aka manna mini wayoyi a kai kamar amarya wajen kitso, ana walƙa mini fitila a ido. Na tsokani lokotoro, wato likitan, ko injin nasa zai iya rarrabe labaran gaskiya da na ƙarya. Ya yi dariya, sannan ya ce farfaɗiya ce, in aje tuƙi, in riƙe ƙwaya kullum ba fashi.

Na aje mota, ban yi gardama ba. Faɗuwa ta tsaya. Amma ƙwayar nan ta zauna mini bisa harshe kamar dutse. Sai in ɗauko labari tiryan-tiryan, ina tsakiya ya sulale, in tsaya da butar shayi a hannu ina kallon mutane. Aminina, wani mai facin taya da muka tashi tare, ya riƙa tsokanata wai raƙumin da na baro a bakin rijiya cikin labarin makon jiya ƙishirwa za ta kashe shi. Ana dariya ina yi. Mota ta tafi, in baki ya bi ta, me ya rage mini? Sai na daina shan ƙwayar, ban gaya ma kowa ba, har uwargida. Kullum in ɓalle ƙwaya in tura ta cikin tukunyar toka.

Wallahi bakin ya dawo. Na yi makonni ina sa 'yan fada suna sheƙewa da dariya. Ran nan ina ba su labarin wani Buzu da ya sayar mini da akuya a Timia, akuyar ta riga ni komawa gidansa, ina fifita gawayi, sai na ji ƙaurin albasa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran a bakin mai shagon kusa na ji shi. Ya ce na kifa bisa murhu, hannuna na dama cikin garwashi, kumfa na fita. Mutanen da muka shekara muna shan shayi a finjali ɗaya suka ja baya suka yi da'ira, suna salati, don kowa ya tashi da jin cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa ya ɗauka. Aminina na kuka yana kiran sunana, amma bai iya matsowa ba. Daga ƙarshe rawaninsa ya kwance, ya zargo ƙafata, ya ja ni kamar ragon layya. Kafin nan wuta ta gama cin rabonta. Yatsuna uku sun manne har yau.

Ban riƙe su a zuci ba. Ni ma na taɓa ganin wani ya faɗi a tashar Dirkou, na tattare rigata na koma gefe. Amma da'irar nan, da ban ma gan ta da idona ba, ita nake gani in na rufe ido. Da na koma fada na tarar an ware mini finjali, an ɗaura masa jan zare. Na ce masu sun kyauta, ko sarki bai samu haka ba. Ba wanda ya yi dariya.

Abin da ya fi ƙona ni, da na koma wajen lokotoro na faɗa masa gaskiya, cewa ya yi da na yi magana tun farko da an sauya mini ƙwayar ko an gyara awonta. Haka kuwa aka yi. Yanzu labari na zuwa, a hankali dai, kamar kamiyo a hawan dutse.

'Yan uwa, in magani ya dame ku, ku koma ga wanda ya ba ku shi, kada ku yanke shi a ɓoye. In kuma wani ya faɗi gabanku, ku janye shi daga wuta da hannuwanku, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa komai a baki. Yawun nan ba ya kama kowa. Matata ta share mini shi da bakin zanenta ba sau ɗaya ba, ga ta nan garau. Ni kuwa har gobe, in ƙaurin albasa ya shigo gida, sai in aje abin da ke hannuna, in matsa nesa da wuta, in tambaye ta ko ita ma tana ji.