Amanar da Baffa Ya Ɗauko Daga Bama

Shekarun da kuɗin fetur suka fara yi wa mutanenmu yawa, ciwon da a da ake sha wa sassaƙe ya koma sai an hau jirgi. Lokacin ina karatu a London, a unguwar Bloomsbury, ina zaune a wani ɗan ɗakin haya a Lewisham, saman shagon mai kifi. Duk wanda za a turo ganin likita daga garinmu, adireshina ake rubuta masa. A haka Baffa, yayan mahaifina, ya sauka a wurina. Yanar ido ce ta hana shi gani, babban ɗansa da ya samu kwangila ya ɗauki nauyi. Likita ya ce za a yi wa ido ɗaya aiki yanzu, ɗayan sai bayan wata uku. Wata uku! Ni da jarrabawa take jirana.

Baffa tsohon soja ne, direban babbar mota a yaƙin Bama. Ƙarar igwa ta kashe masa kunne ɗaya tun can, Turancinsa kuma na fareti ne, iya na ba da oda da karɓa. Kwana uku da cire masa bandeji ya kira ni ya ce in turo ƙofa. Ya zaro wani gwangwanin taba daga aljihun 'yar cikinsa, naɗe cikin tsumma. A ciki akwai zobe, da hoton wata dattijuwar Baturiya tsaye a ƙofar lambu, da wasiƙar da ruwa ya jiƙa har tawadar ta narke, ba a iya karanta ko harafi ɗaya.

Na wani kyaftin ne, saurayi, wanda Baffa yake tuƙawa. An harbe shi a bakin wani kogi, Baffa ya saka shi a mota, kafin su isa wurin likita ya cika. Da sauran numfashinsa ya danƙa masa gwangwanin, ya nuna hoton, ya ce uwarsa.

"Me ya sa ba ku ba manyansa ba tun a can?" na tambaye shi.

"Ni ya ba, ko su ya ba?" Ya mayar da murfin. "Aikin idon nan dalili ne kawai, ɗana. Wannan amanar ce ta kawo ni. Shekara talatin tana wuyana, ba na so a sa ni a kabari da kayan wani."

Na tambayi sunan kyaftin ɗin. Bai sani ba. Laƙabin da sojoji suka sa masa kaɗai ya riƙe, saboda lofen da ba ya rabuwa da bakinsa. Na ce haba Baffa, London ba garinmu ba ce da za a yi cigiyar mutum da laƙabi. Ya ce in kana cigiyar mahauci kwata kake zuwa, in direba ne ka je tasha, to ina sojojin ƙasar nan suke zama?

Shi da kansa ya gano amsar, da sabon idonsa. Muna dawowa daga kasuwar Lewisham ya ci birki gaban wata takarda da aka manna a bango, mai hoton irin motar da ya tuƙa. Tallar bikin nuna tsofaffin motocin yaƙi ce, a wani fili can wajen gari. Na san ko mene ne. Turawa ne masu sha'awar kayan da, suna sayen motoci da kaki, in rani ya yi su fito duk Asabar su yi wasan yaƙi. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na ce a raina bari in kai shi ya sha iska, ko ya ƙyale ni in yi karatu.

Ranar bikin ana yayyafi, filin duk taɓo. Baffa ya sa babbar riga, ya jera lambobinsa a ƙirji, ya ɗora kwat ɗina a kai. Motoci sahu-sahu, jif-jif, tankoki biyu, tantuna, mata suna sayar da shayi. Ya nufi wata babbar mota koriya ya dafa ta. Mai ita ya tayar da inji. Baffa ya juyo da lafiyayyen kunnensa, ya ce in gaya masa fulogi ɗaya ba ya kamawa. Aka buɗe, haka ne kuwa. Baffa ya yi dariya har da tafi, ita kaɗai ce dariyar da na gani a wurinsa a duk zamansa.

Daga nan ya shiga abin da ya kawo shi. Duk wanda ya gani da anini a kafaɗa sai ya ƙame ya sara masa, ya gaishe shi, sannan ya ce in yi cigiya. Ni kuwa in tsaya gaban likitan haƙori ko akawun banki da ya ari kakin manjo, ina ba shi labarin kyaftin mai lofe. Su yi murmushi, su ce abin ban sha'awa, su nemi a ɗauke su hoto da shi. Wallahi ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da la'asar aka yi wasan. Aka ta da hayaƙi, bindigogi suna ta ƙara ba harsashi, samari suna zubewa a ciyawa. Baffa ya damƙe hannuna yana salati. Aka busa usur, matattun suka tashi suna karkaɗe wando, 'yan kallo suna tafi.

"Me suke yi haka?"

"Atisaye ne, Baffa."

"To ba a koya musu daidai ba," ya ce. "Mutum ba ya faɗuwa shiru. Uwarsa yake kira."

Haka muka ci ranin nan. In Asabar ta yi, tun da safe zan tarar da shi a shirye, lambobi a ƙirji. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, jirgin ƙasa, bas, wani filin, wani taɓon. A ɗaya daga ciki mun gamu da sojan gaske, wani tsoho cikin kwat ɗin gida yana tsaye a gefe, wanda ya yi Bama. Ya riƙe hannun Baffa yana hawaye, ya ce mu rubuta wa ofishin da ke ajiye bayanan sojoji. Na rubuta. Suka amsa cikin ladabi cewa in aiko da cikakken suna da lamba. Na karanta wa Baffa, ya ce takarda ba ta san mutum ba, mutum ne ya san mutum, mu ci gaba da zuwa.

Haushinsa nake ji, in faɗi gaskiya. Na faɗi takarda ɗaya a jarrabawa. Abokan karatuna suna tsokanata wai an ɗauke ni soja. Shi kuma yana ramewa a gabana, abinci sai ya taɓa ya ture, in ya idar da salla ya daɗe zaune da gwangwanin a cinyarsa.

Aka yi aikin ido na biyu, na yi masa booking ɗin komawa ranar wata Alhamis. Asabar ɗin da ta rage ita ce bikin ƙarshe na shekarar, sanyi ya fara shigowa. Muna shiga fili Baffa ya tsaya cak. Wani Bature ne zaune bayan tebur da ya jera hulunan kwano da gorunan ruwa, da aninin kyaftin a kafaɗa, a hannun rigarsa kuma ga tambarin rundunar su Baffa. Duk yawonmu ba mu taɓa ganin tambarin ba sai ranar.

"Namu ne," Baffa ya ce. "Allah ya kawo mu."

Sa'ana ne Baturen, bai fi ni da shekara biyu ba. Na ba shi labari, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce bayan yaƙi aka haife shi, a kamfanin inshora yake aiki, rigar a gwanjo ya same ta, bai san kowa ba. Ya roƙa a nuna masa gwangwanin. Da ya buɗe ya ce bai taɓa riƙe irinsa ba, in tsohon zai iya rabuwa da shi zai adana shi da kyau.

Baffa yana jan hannun rigata. "Me ya ce? Ya san shi?"

Na dube shi. Idanu biyu tar, wuya duk jijiya, saura kwana biyar ya hau jirgi.

"Ya san gidan," na ce. "Uwar ta rasu, amma ƙanwar kyaftin ɗin tana nan. Ya ce zai kai mata hannu da hannu."

Na juya na ce wa Baturen kyauta ce.

Baffa ya miƙa gwangwanin da hannu biyu, ya ja da baya, ya ƙame ya sara. Baturen ya miƙe ya rama, yana jin daɗi. Da muka kai bakin fili na waiwaya. Ya riga ya jingina hoton dattijuwar a jikin wata hular kwano, yara biyu suna juya zoben. Na sha gaban Baffa don kada ya gani. A jirgin komawa ya ce yunwa yake ji, ya cinye burodin da muka taho da shi har da nawa.

Rani na zagayowa na koma filaye uku ni kaɗai ina neman Baturen, ban same shi ba, sunansa ma ban tambaya ba. Baffa ya rasu kafin in gama karatu.

Da na koma gida na je yi wa Inna, matarsa, ta'aziyya. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakinta, ta kira 'ya'yansa su zo su gaishe ni. Ta ce tun da ya dawo daga London bai sake firgita cikin barci ba, kuma duk wanda ya zo duba shi sai ya ba shi labarin yadda na yi wata uku ina yawo da shi har amana ta isa ga masu ita.

"Ranar da zai cika ma sai da ya ambace ka," ta ce. "Ya ce a gaya maka ka sauke masa kaya, Allah ya sauke maka naka."

Duk suka shafa, suna jirana. Na ce amin.