Kwano Ashirin da Biyar a Lungun Malam Nasidi

A unguwar Kusfa, cikin birni, akwai wani lungu da ba ya ɓullewa ko'ina. Gida bakwai ne a cikinsa, uku a dama, uku a hagu, na bakwai ya toshe ƙarshe yana kallon sauran. A wannan na bakwan aka haifi Malam Nasidi, a cikinsa kuma ya tsufa. Gidan malamai ne tun kakanni, amma da aka zo ɗibar yara boko sai aka miƙa shi. Ya yi elementare, ya yi kwalejin horon malamai, ya fito da lissafi. Daga nan har ritaya aikinsa ɗaya ne: ya ɗaure bakin wando, ya hau keke, ya fita ta Ƙofar Kuyambana zuwa wata sakandare a bayan ganuwa, ya dawo da farin alli a hannun riga.

Cikin duk abin da yake koyarwa babu wanda yake so kamar darasin rukuni, wanda littafi ke kira set. Sai ya zana ƙawanya a allo, ya ɗiɗɗiga ɗigo a ciki, ya ce kowane ɗigo mutum ne. Sannan ya ja kibiya daga wannan ɗigo zuwa wancan, ya ce sunanta alaƙa.

"Wa yake da uwa biyu a ajin nan?" Shiru. "Wa ya zo duniya babu uwa?" Shiru. "To kun gani. Kowa kibiya ɗaya tak take fita daga gare shi zuwa uwarsa, ba ya rasawa, ba ya yin biyu. Wannan shi ne fankshan. Wa yake da kawu fiye da ɗaya?" Hannaye su tashi kusan duka. "To kawu ba fankshan ba ne, alaƙa ce kawai. Ku je ku gaya wa kawunanku in ji ni."

Amma misalin da ya fi ji da shi daga lungunsu ya ɗauko shi. Idan azumi ya kama, tsakanin la'asar da magariba kowane gida yana aika wa kowane gida kwano: kunu, ƙosai, fate, dambu, abin da ya sawwaƙa. Inda aka kai za a juye, a zuba nasu a mayar. Malam Nasidi sai ya ɗiga bakwai a allo, ya fitar da kibiya shida daga kowanne. Bakwai sau shida, arba'in da biyu.

"Wannan ita ce alaƙa mai zuwa ta dawo," in ji shi. "In kwano ya fita daga gidanku zuwa gidanmu, dole wani ya fita daga gidanmu zuwa gidanku. Doka ce."

Shi dai ƙidaya ya sani. Wadda take riƙe da kibiyoyi goma sha biyu na gidan, shida masu fita da shida masu shigowa, ita ce matarsa Sakinatu. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a gida mai ɗaki biyar. Ita ta san kwanon wa ne mai jan fure, ta san gidan da ba sa son yaji, ta san wanda maigidansa ba shi da haƙora.

A Sha'aban ɗin 1986 Sakinatu ta kwanta ciwon da bai yi kama da na tafiya ba, ta tafi. Azumi ya shigo ana kan zuwa gaisuwa.

Ran farko kwano shida suka shigo gidan. Malam Nasidi ya tsaya a tsakar gida yana kallonsu a jere, ga madafi a rufe, murhu ko toka mai ɗumi babu. Ya juye, ya wanke su tas, ya mayar. To, a lungun nan ba a ɓoye kwano. Mai abinci a ka ake ɗauko shi, ko da hannu biyu, ana tafiya a hankali. Wanda babu komai a hammata ake saƙale shi, yaro yana gudu yana kaɗa murfin. Ya leƙa daga zaure ya ga kwano shida sun fita daga gidansa a hammata, ya ji kamar unguwa duka ta gani.

Ya jure rana ta biyu. Rana ta uku ya tare 'yan aike a bakin ƙofa.

"Ku ce wa mutanen gida an gode, Allah ya saka da alheri. A daina wahala, ana kawo mini daga Limancin Kona, gidan ƙanwata Adama."

Da Adama ta aiko tana tambayar yadda yake yi, sai ya ce a gaya mata maƙwabta sun ishe shi, abinci har lalacewa yake. Mutanen lungu suka sa shi a rukunin Limancin Kona, Limancin Kona suka sa shi a rukunin lungu, shi kuwa ba ya cikin ko ɗaya. A cikin birni kuma ba a tsare babban mutum da tambayar abin da ya ci. Wadda ta yi magana ita ce Delu, matar Inuwa mai ɗinkin hula na gida na biyu a dama, ita ma ga mijinta ta faɗa.

"Wato girkinmu bai kai na Limancin Kona ba. To Allah ya ba da sa'a."

Mazan lungu a zauren Inuwa suke shan ruwa, kowa da abin da aka fito masa da shi daga gida. Malam Nasidi ba shi da abin fitowa da shi, sai ya daina zuwa. Ya sayi dabino da burodi tun a hanyar makaranta, ya dafa shayi a risho, ya sha ruwa shi kaɗai, sannan ya fita masallaci. Bayan salla ma haka zaman ya ci gaba. Ɗaki huɗu ya rufe, ya bar ɗaya. Wani lokaci tun daga "sai gobe" da ɗalibai suka ce masa ba zai sake jin an yi magana da shi ba sai a sahun masallaci, a ce masa ya matso.

A aji ya gyara misali. Ɗigo shida, kowanne kibiya biyar, talatin. Yakan ce, "Ku lura da kyau, gida ɗaya ya fita, amma kibiya goma sha biyu suka faɗi." Babu ɗalibin da ya taɓa tambayar wane gida ne.

Ƙidayar ce dai bai bari ba. Duk azumi bayan la'asar zai shimfiɗa buzu a bakin zaure, inda yake ganin ƙofa shida gaba ɗaya, ya riƙe carbi yana ƙirga kwanukan da ke shiga gidaje a ka. Talatin. Baɗi ma talatin. Inuwa taubashinsa ne, ba ya wucewa bai taɓa shi ba.

"Shehun ƙidaya! Yau mu nawa ne a lungun?"

"Ku shida. In an cire mai surutu, biyar."

"Kai fa, a ina ka sa kanka?"

"Mai ƙirga ba ya ƙirga kansa. Wuce ka ƙarasa hular mutane, tun bara suke jira."

Inuwa ya yi dariya ya wuce, shi ke nan hirar ranar ta ƙare.

Da daminar 1992 Malam Jumare na gida na uku a hagu ya rasu, ya bar matarsa Iya Kulu, tsohuwar da ta yi ƙawance da mahaifiyar Malam Nasidi. Idonta ya riga ya tafi, 'ya'yanta maza suna aiki a Kaduna, sai ƙarshen wata suke leƙowa. Ba ta iya hura wuta balle girki. Saboda haka da azumin 1993 ya zo, Malam Nasidi ya gama lissafinsa tun kafin ya shimfiɗa buzu: gida biyar suka rage, biyar sau huɗu, ashirin.

Ya ƙirga, ya sami ashirin da biyar.

Ya ce zafin bazara ne ya ruɗa shi. Kashegari ya ajiye carbi, ya ɗebo tsakuwa, duk kwanon da ya shiga ƙofa a ka sai ya jefa ɗaya a murfin gwangwani. Ashirin da biyar. Biyar sun yi yawa, kuma lissafi ba ya yin kyauta. Rana ta uku bai kalli ko'ina ba sai ƙofar Iya Kulu. Kwano ya shiga a ka, ya fito a hammata. Na biyu haka. Na uku, na huɗu, na biyar. Yaran suna kaɗa murfi suna gudu, babu wanda ya ko waiga, babu matar da ta leƙo ta ce ina namu.

Shi ne mai gaya wa ɗalibai cewa misali ɗaya ya isa ya rushe doka komai tsufanta. Ga misalin nan a gida na uku a hagu. Ashe alaƙar ba dole ta je ta dawo ba. Ba mutanen lungu suka kafa dokar ba, shi ya rubuta ta a allo da hannunsa, ya dawo gida ya hukunta kansa da ita azumi bakwai. Aka kira salla dabino yana hannunsa bai kai baki ba.

To yanzu fa? Ya bi gida-gida ya ce a dawo masa da kwanonsa? Wannan bakin ba shi da shi. Ya juya abin ta kowace fuska, hanya ɗaya ya gani a buɗe: in kibiya tana iya shiga ba ta fita ba, tana iya fita ba ta jira komai ba.

Ya sayo garin kunu da tsamiya a kasuwa. Ya buɗe madafin Sakinatu, ya kori gizo-gizo, ya ciro wata langa mai murfi da ta ɗan lotsa a baki. Ya dama na farko ya tsinke kamar ruwan wanki, ya zubar. Na biyu ya yi kauri, sai dai gudaji kamar an watsa tsakuwa. Gari ya kusa ƙarewa, rana ta yi ƙasa. Ba shi da ɗan aike, sai ya sa hula ya ɗauko langar da hannu biyu ya fito.

Inuwa yana bakin zaurensa da allura a hannu. Ya bar allurar a jikin hula.

"La ilaha illallahu! Shehu, talla ka fara? Nawa ne ludayi?"

"Ba na masu haƙora ba ne. Kauce."

"Amarya ka yi ba mu ji ba? Wa ya dama?"

"Wanda ya ɗauko."

Inuwa ya buɗe baki zai ƙara, sai ya dubi langar, ya dubi mai ɗauke da ita, ya koma ya zauna.

Malam Nasidi ya yi sallama a zauren Iya Kulu. Daga ciki ta ce, "Muryar wa nake ji kamar Nasidi? Shigo mana, wa zan ɓoye maka, ni da na goya ka?"

Tana zaune a tabarma, kwanuka na gefenta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye langar a gabanta. Ta lalubo murfin, ta bi bakin da yatsa, ta tsaya a inda ya lotsa.

"Wannan ta Sakinatu ce. A gidan nan ta faɗi ran sunan autana." Ta shafa murfin. "Allah ya jiƙanta. Adama ce ta damo?"

"Ni ne, Iya."

"Kai? Ina na Limancin Kona da ake kawo maka?"

Ya dubi tabarma. Ba ta gani, amma ta gane.

"Nasidi, tun yaushe?"

"Tun farko, Iya."

"Kai, amma ka cika ɗan banza," in ji ta a hankali. "Uwarka ma haka take, ta kwana da yunwa ta ce ta ƙoshi. Zauna mu sha ruwa."

Ya ce a'a, zai je masallaci. Ya fito da langar a hammata, ya bi lungun har ƙarshe, bai ji ko'ina ya yi masa ciwo ba.

Kashegari ya sake damawa, ya kai, ya dawo kan buzunsa da murfin gwangwani. Da nasa, ashirin da shida. Yana shirin naɗe buzu sai ga Inuwa da kansa, kwano a hannu biyu, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron ƙasa. Ya dire a gabansa. Fate ne, har da yakuwa, yana tururi.

"Jefa tsakuwarka, Shehu."

Ya jefa. Ashirin da bakwai.

A nan lissafin ya tsaya, bai koma arba'in da biyu ba. Gidaje biyu matan da suka san Sakinatu sun rasu, na yanzu ba su san an taɓa kai kwano ƙarshen lungu ba. Sauran biyun ko kunya ce ko mantuwa, bai bincika ba. Zauren Inuwa ma bai koma ba, ya riga ya saba da shan ruwa shi kaɗai, yana kallon ƙofofin ɗaki huɗu a rufe. A aji dai ya canza darasi: ya daina cewa doka ce, ya koma zana ɗigo ɗaya a gefe da kibiyoyi suna shiga babu mai fita, ya ce wannan ma alaƙa ce cikakkiya, kada wanda ya goge ta.

A ranar da faten ya fara zuwa, bayan ya cinye ya wanke kwanon, ya tsaya da shi a tsakar gida yana duban sauran kunun da ke tukunya. Ya kai hannu ga ludayi ke nan sai ya ji muryar Inuwa daga zaure, ya dawo karɓar kwano.

"Shehu! Delu ta ce in gaya maka, Iya Kulu ta ba ta labarin kunun. Ta ce don girman Allah ka mayar mata da kwanonta haka nan."

Malam Nasidi ya ajiye ludayin, ya kife murfi, ya miƙa masa kwanon babu komai a ciki.