Mutumin da Muke Kira Mushe

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji uku na firamare, aka sauke su a ƙofar gidanmu na haya a Kakuri. Ranar wanki ce, matan gida duk suna bakin famfo, kowace da bahonta, igiyoyi sun cika da kayan aikin mazajensu na masaƙa. Ni da ƙawata Rifkatu, wadda ɗakinsu ke kallon namu, muna tsugune muna ɗauraye safa. Sai ga wata doguwar mace da goyo ta shigo da ƙullin kaya a ka, ta sauke, ta juya wajen zaure ta ɗaga murya: "Mushe, taho ka kama mini buhun ga." Hannun kowa ya tsaya cikin kumfa. A satin nan ne ruwa ya kawo matacciyar akuya ya yar a kwatar bayan gida, ta kumbura, ƙudaje suka rufe ta, aka yi ta jan kunnenmu kada wanda ya matsa kusa, mushe ce. Iyakar abin da muka sani da kalmar ke nan, dabbar da ta mutu ba yanka. Mama ta dubi maman Rifkatu ta ce ƙasa-ƙasa, "Yau ga wadda ta fara zagin miji tun daga ƙofa." Amma mutumin da ya amsa kiran ya shigo yana murmushi, ya yi zanzaro da farar riga, takalminsa na sheƙi duk da taɓon layinmu. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har da mu yara.

Mutanen Maraɗi ne. Matar sunanta Hadiza, shi kuma malamin makaranta ne a wani ƙauye can ƙasarsu, zama ya yi wuya ya biyo wani ɗan'uwansa Kaduna, ya sami aikin koyar da Faransanci a wata 'yar makarantar kuɗi a ƙetaren kogi. Kwana biyu Mama ta kasa haƙuri, ta tare Hadiza wajen murhu ta tambaye ta dalilin da take kiran mai gidanta da wannan suna. Hadiza ta yi dariya har ta saki muciya. Shi ne da yamma ya yi mana bayani da kansa, yana zaune kan benci ƙarƙashin gwaibar tsakar gida yana goge takalmi. Ya ce Faransawa suna da kalmar da suke sa wa kowane namiji don girmamawa, kamar yadda mu muke cewa Malam, ya faɗe ta yadda suke faɗa, leɓensa a tsuke, muka kwashe da dariya. Ya ce harshen mutanensu ne ya lanƙwasa ta ta koma mushe, kuma da yake malamin boko ne mutum na farko da 'yan ƙauye suka ji ana kira haka, sai sunan ya zauna wa malamai. "A wurinmu in an ce Mushe na tahe, yaro gyara tsayuwa yake," in ji shi. In ka kasa kunne sosai, muryar da suke faɗinta ba daidai take da ta mushen kwata ba, amma kunnen yaro bai tsaya wannan ba.

A lokacin Kakuri jiniyar masaƙa ce agogonta. In ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna, masu fita da masu shiga, iyayenmu su dawo da burbushin auduga a gashin kai da gira. Ruwan kwata yau shuɗi gobe ja, gwargwadon rinin da aka yi ranar. Muna ɗebo ruwa kafin makaranta, mu kai niƙa inji in mun dawo, ranar da babu makaranta mu bi Mama 'yar gonarta ta gefen layin dogo mu tsinko kuɓewa, hannu na ƙaiƙayi. Da ƙyallayen atamfa da Baba ke kawowa muke ɗinka wa 'yan tsananmu zane. In an gama wanke-wanken yamma muna cikin 'yar gala-gala ko carafke, sai Mushe ya dawo, allin da ya rage a aljihunsa ya raba mana mu zana filin wasa, amma sai kowa ta ƙirga masa ɗaya zuwa goma da Faransanci tukuna. Bai taɓa ɗaga murya ba. Ko gyara zai yi maka, sai ya fara da "yi haƙuri".

Ni da Rifkatu muka kai kalmar makaranta, kuma ba a yi wata guda ba ta fi ƙarfinmu. Duk yaron da ya zo da zanzaro da guga sai a ce, "Ka ga mushe." Wanda ya sa sabbin kaya ranar Sallah ko Kirsimeti, ya yi mushe. Wanda ya cika iyayi a aji, yana ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba, shi ma mushe ne. Har yaran makanikan bakin titi, da Hausar ba ta zauna musu sosai ba, suna jefa ta cikin Turancinsu na buroka in wani ya wuce da kwat. Daɗinta a bakinmu shi ne tana da fuska biyu, ka yabi mutum ka kuma zage shi da numfashi ɗaya, in ya kai ƙara ka rantse yabo kake nufi.

Daga baya aka fara sallamar ma'aikata a masaƙa, rukuni-rukuni, Baba da baban Rifkatu suna cikin na farko. Abin da ban fahimta ba sai da na girma shi ne Baba bai daina shiri da safe ba. Zai yi wanka, ya yi zanzaro, ya tura kekensa zuwa ƙofar masaƙa, su zauna da 'yan'uwansa a inuwar katanga suna jiran ko za a ce wani abu, la'asar ya dawo. Samarin layi suka sa musu suna mushen bakin get. A nan kalmar ta daina ba ni dariya, don na ga fuskokinta biyu sun haɗu a jikin ubana, ga kwalliyar ga kuma abin da aka yar. Ran da Mushe ya ji wani saurayi ya faɗa, tsayawa ya yi da jakarsa a hannu ya ce, "Yi haƙuri, wannan suna na mutane masu mutunci ne. In haka kake nuhi, ka hwaɗi daidai." Saurayin ya sunkuyar da kai, amma sunan bai fita daga layin ba.

Ranar da gari ya rikice, Mushe ya riga ya fita. Na gan shi da safen a bakin famfo yana ɗage ƙafar wando kada ruwa ya taɓa, ya tsallake kwata ya nufi inda ake shiga bas mai ƙetare gada. Kafin hantsi ya dubi ludayi an koro mu daga makaranta, hayaƙi na tashi ta ɓangarori da yawa. Aka kulle ƙofar gida aka tokare da turmi. Baba da baban Rifkatu suka zauna a zaure, in an buga ƙofa sai su kasa kunne su ji irin muryar, wanda ya dace a cikinsu ya amsa. Har dare Mushe bai dawo ba. Hadiza ta dafa tuwo ta rufe nasa a kwano. Washegari ta ɗumama, ta sake rufewa.

Da aka sassauta dokar hana fita, Mama ta raka Hadiza nemansa. Ba ta ba ni labarin abin da suka gani ba sai bayan na yi aure. Makarantar tasa a rufe take, mai gadi ya ce tabbas malamin ya zo, ya tsaya har aka ɗebe yara na ƙarshe, sannan ya ce zai taka da ƙafa ya koma gida. Daga nan suka bi asibitoci. A wani ɗakin ajiye gawa, ma'aikacin da ke ƙofa, idonsa ja saboda rashin barci, ya tambayi Hadiza wa take nema. Ta ce, "Mushe nike biɗa." Mutumin ya ce da ita cikin ɗaci, "Baiwar Allah, waɗannan 'yan Adam ne, ba mushe ba." Mama ta buɗe baki za ta gyara, sai ta tarar ba ta san sunansa ba. Shekaru muna gida ɗaya, ana miƙa wa juna kwanon abinci, babu wanda ya taɓa tambaya. Ta raɗa wa Hadiza ta faɗi sunan yanka. Hadiza kuwa tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunansa ba, don kunya irin ta matan da. Ta daɗe tana motsa baki kafin ta ce, "Isuhu." Mama ta ce daga faɗin sunan sai Hadiza ta zauna a ƙasa, kamar sai a lokacin ta yarda ya fita daga hannunta.

Ba a same shi cikin masu rai ba, ba a same shi cikin matattu ba. Hadiza ta zauna har damina ta sake zagayowa, duk motsin ƙofar zaure sai ta ɗaga kai. Mu yara muka daina faɗin kalmar, ba wanda ya hana mu, kawai ta yi nauyi ne. Daga ƙarshe yayyenta suka zo daga Maraɗi suka ɗaure kayan. Tana bakin zaure, ɗanta riƙe da zanenta, ta juyo ta ce da Mama, "Yaya, in ya zo, ku ce mishi mun tahi gida." Ba a daɗe ba mu ma muka tashi zuwa Unguwar Mu'azu, su Rifkatu suka koma Sabon Tasha, kowa ya matsa inda yake jin zai iya barci.

Yanzu nakan bi ta Kakuri a keke napep in zan je sarin kaya. Jiniya ta daɗe da yin shiru, ciyawa ta fi mutum tsayi a bayan katangar masaƙa, ruwan kwata ya koma baƙi kamar na ko'ina. Yaran layin suna da nasu kalmomin da nake ji ba na ganewa, in ka ce musu mushe mataccen abu kawai za su nuna maka. Gidanmu yana nan, an sare gwaibar an yi shago a wurin, fuskokin da ke shiga da fita duk baƙi ne a gare ni. Nakan ce wa mai keke ya rage gudu daidai ƙofar. Saƙon Hadiza har yau yana hannunmu, kuma babu ɗayanmu da ya rage a gidan da zai isar masa in ya zo tambaya.