Kwalekwalen da Kaka Talatu ta nutsar

Duk wanda ya ce miki kakarsa mai sanyin hali ce, ki taya shi murna. Tawa ba haka take ba. Kaka Talatu manomiya ce daga wajen Karshi, tsufa ne ya dawo da ita gidanmu a Durumi, kuma har ta rasu ba ta yafe wa birni ba. Da an yi magariba sai ta hura wuta a tsakar gida ta gasa masara, mu jikoki mu kewaye ta. Idan ka yi gyangyaɗi ta mintsine ka. Idan ka yi tambaya ta ce bakinka ya fi kanka girma. Hausarta ma ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a wajenta, amma wa ya isa ya yi dariya?

Tatsuniyoyinta ba sa ƙarewa da daɗi. Wadda na fi tsana ita ce ta wata tsohuwa mai ɗa masassaƙin kwalekwale. Wata rana ya sassaƙa wani ya tsage a ƙasa, sai ya liƙe tsagin da laka, ya shafe da baƙin mai. Uwar tana zaune tana kallo. Da matafiya suka iso bakin kogi, sai suka tambaye ta ko jirgin lafiyayye ne. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce kawai ɗanta ne ya sassaƙa. Suka shiga. A tsakiyar ruwa laka ta narke, ba wanda ya fita.

Na tuna na ce ai tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Kaka ta nuna ni da totuwar masara.

"Ke, Hadiza, shi ya gani ko bai gani ba?"

Na ce ta gani.

"To shi ya kashe su. Tashi ki kawo min ruwa."

Iyakar bayanin ke nan. Na yi kwana da kwanaki ina jin haushinta.

Bara ne yayana Sani, wanda ke lodi a tashar Jabi, ya fara neman wata yarinya mai suna Maryam. Danginta suka shiga binciken da ake yi kafin a ba da mata. Maƙwabta kowa ya ce ai yaro ne mai neman na kansa, wai ba su son shiga maganar mutane. Munafukai. Dukansu sun ji ihun matarsa ta farko ta katanga in yana dukanta, sun san har yau kunnenta ɗaya ba ya ji.

Gwaggon Maryam ta same ni a shagon ɗinkin da nake aiki. Ta ja ni gefe, ta haɗa ni da Allah in faɗa mata abin da ya fitar da waccan matar. Amsa mai sauƙi tana bakina: yayana ne, me zan ce? Sai na ji ƙamshin masarar nan a hancina. Na faɗa mata komai.

Aka fasa auren. Yaya Sani ya rantse ko a lahira ba ruwansa da ni, na ce Allah ya sa ya cika alkawari. 'Yan uwa suka cire ni daga zumunci, waɗanda ko asibiti ba su raka waccan baiwar Allah ba. Ban damu da su ba. Ta Mama ce ta dame ni, don wata biyu ba ta amsa gaisuwata.

Na yi makaranta har sakandare, malamai da yawa sun sa mun haddace cewa ƙarya haramun ce. Ba wanda ya koya mini cewa shiru ma yana nutsar da mutane sai tsohuwar nan mai mintsini. Ban taɓa gode mata tana raye ba, da na yi ma da ta kore ni. Allah ya ji ƙanta.

Ranar da Mama ta buɗe baki, tambayata ta yi, wai a ina na koyi tona asirin jinina. Na ce a bakin wutar Kaka, kuma ita ma tana wajen ran nan, tana ɓare gyaɗa.

 Sai ta sa ƙafa ta turo mini kwanon tuwo.